Na Sauke Ajurrumiyya, Amma Littafin Jami'a Ya Mayar Da Ni Baƙuwa A Larabci

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a shekarar farko a sashen harsuna. Tun ina ƙarama kawuna yake koyar da ni nahawu. Na sauke Ajurrumiyya, littafin nahawun Larabci na masu farawa, a hannunsa, har na fara Alfiyya. Wannan zangon aka ba mu littafin gabatarwa kan tsarin harshen Larabci, da Turanci, misalansa duk da baƙaƙen boko masu ɗigo-ɗigo. Na zaci ni zan riƙa koya wa 'yan aji, sai ga shi na faɗi gwajin farko. Na kai wa kawu littafin, na gaya masa an ce Larabci da Hausa dangi ne, kuma Larabawa ba sa li'irabi, wato sauya wasalin ƙarshen kalma, a hirarsu. Ransa ya ɓaci, ya ce in zaɓa tsakanin ilimin malamai da na masu ɓata harshen Alƙur'ani. Tun ranar bai sake kirana karatu ba. Ga shi har yanzu ba na iya hira da Larabci, kuma saura mako goma jarrabawa. In bar kwas ɗin ne?

Wata ɗaliba

Wa alaikumus salam, 'yata. Kada ki bar kwas ɗin. Na fara da wannan ne don hankalinki ya kwanta kafin mu shiga bayani. Faɗuwa a gwaji ga wadda ta shiga aji tana ganin ta fi kowa shiri abu ne mai ciwo, ga shirun kawu a kai, wanda nake jin ya fi makin damunki. Amma wasiƙarki ba ta nuna min rashin sanin Larabci ba. Abin da na gani shi ne ana yi miki wata tambaya, kina amsa wata.

Nahawun da kawu ya koya miki an gina shi ne don tsare harshe daga lahani: wane wasali ne zai hau ƙarshen kalma, kuma wane amili ne ya jawo shi. Littafin jami'a kuwa tambayarsa ita ce yaya aka gina harshen, tun daga sauti zuwa kalma zuwa jimla, kuma yana auna Larabci da ma'aunin da zai auna kowane harshe da shi. Mafi yawan abin da ke cikinsa kin riga kin sani da wani suna. Aikin makonni goman nan shi ne haɗa sunayen biyu, tare da gane wuraren da suka saɓa da gaske, kuma wuraren ba su da yawa.

Ki fara da rubutun kansa. A farkon littafin ko ƙarshensa akwai jadawalin alamomi, wanda ɗalibai suka saba tsallakewa. Ki kwafe shi da hannunki a kati guda, ya zauna a gefenki. Daga baƙaƙe 28, rabinsu ba su da wata wahala: b, t, d, r, z, s, f, k, l, m, n, h, w, y. Ɗigo a ƙarƙashin s, d, t da z yana nufin ص ض ط ظ, a ƙarƙashin h kuma ح. Alamun ع da hamza suna kama da juna, fuskarsu ce kawai ta bambanta, kuma nan ake yawan zubar da maki. Dogon wasali ana sa masa layi a kai ko a ninka shi. Dalilin duk wannan ɗawainiya shi ne rubutun Larabci na yau da kullum ba ya nuna gajerun wasula, كتب na iya zama kataba ko kutiba ko kutub, alhali mai nazari yana son ganin kowane wasali, ya kuma yanka kalma gunduwa-gunduwa: katab-tu, ya-ktub-u. Mako guda, kullum ki ɗauki layi biyar daga matanin Ajurrumiyya ki mayar da su boko, washegari ki dawo da su Larabci ba tare da duba asali ba. Ki rubuta abin da kunne ya ji, ba abin da ido ya gani ba. Shadda baƙi biyu ce. Alifin ƙarshen katabuu ba a furta shi, don haka ba ya shiga. Haadhaa tana da dogon wasali a gaɓar farko ko da yake ba a rubuta mata alif a can.

Babin sauti zai zo miki da sauƙi in kin taɓa tajwidi. Sibawaihi, babban malamin nahawu, wanda ya rasu wajen shekara ta 180 bayan Hijira, ya lissafa mafitar haruffa 16 a littafinsa. Littafinki tambaya uku yake yi wa kowane baƙi: a ina ake furta shi, yaya iska take fita, kuma tantanin maƙwallato yana ziza ko ba ya yi. Ki kula da tarko ɗaya. Ɗalibai sukan ɗauka majhura ta tajwidi daidai take da mai ziza, mahmusa kuma marar ziza. Galibi haka ne, amma magabata sun sa ق da ط da hamza cikin majhura, alhali a furucin daidaitaccen Larabci na yau ba su da ziza. In an tambaye ki a jarrabawa, ki bi rabon littafin.

Harshenki na Hausa zai taimake ki a nan, zai kuma yaudare ki. Taimakon shi ne kunnenki ya saba da tsawon wasali, kin san gari na zama daban yake da garin tuwo, ya kuma saba da ninkin baƙi, kamar baba da babba. Gaɓoɓin da Larabci ya fi amfani da su guda uku ne, baƙi da gajeren wasali, baƙi da dogon wasali, baƙi da wasali da baƙi, kuma su ne dai gaɓoɓin Hausa. Nason da ke mayar da al-shams ta koma ash-shams a haruffan shamsiyya 14 irinsa ne yake sa a ji "motas Sani" a bakin mai cewa motar Sani. Yaudarar kuwa tana cikin kalmomin aro. Mun ari taalib muka ce ɗalibi, muka ari al-qaadii muka ce alƙali, sai kunne ya ɗauka ɗ ita ce ط, ƙ ita ce ق, l kuma ض. Ba haka ba ne. Ana furta ƙ da tunkuɗo iska daga maƙwallato, ق kuwa bayan harshe ne yake taɓa beli, can baya da wurin k. Mako biyu sun ishe ki wannan babin.

Inda nake so ki zauna ki daɗe shi ne ƙirar kalma, domin nan ne zuciyar littafin. Kalmar Larabci haɗin abu biyu ce da ba sa tsayuwa su kaɗai: saiwa, galibi baƙaƙe uku masu ɗauke da ainihin ma'ana, da awo, wato wasula da ƙarin haruffan da ake saƙa saiwar a ciki. Sarfu ya koya miki wannan da fa, ain da lam. Ɗauki saiwar ع ل م: 'alima ya sani, 'allama ya koyar, a'lama ya sanar, ta'allama ya koya, ista'lama ya nemi sani, 'aalim masani, ma'luum sananne. Abin da ya rikita ki, ina zato, shi ne littafin ya ba babukan fi'ili, wato awo-awonsa, lambobin Romawa daga I zuwa X. Ki haddace jerin kamar yadda kika haddace baiti: fa'ala, fa''ala, faa'ala, af'ala, tafa''ala, tafaa'ala, infa'ala, ifta'ala, if'alla, istaf'ala. Na II da na IV sukan sa wani ya aikata. Na III yakan jawo abokin aiki, kataba ya rubuta, kaataba ya yi musayar wasiƙa da wani. Na VII aikin ne ya auku a kan abu, kasara ya karya, inkasara ya karye. Na IX na launi ne da naƙasa, kamar ihmarra, ya yi ja. Na X yakan nuna nema. Na ce "yakan" da gangan, domin saafara na III ne, amma tafiya kawai yake nufi, ba sai da abokin tafiya ba. Duk ɗalibar da ta ɗauki ma'anonin nan a matsayin doka marar togiya za ta sha mamaki a ƙamus. Kuma wannan dabara ba baƙuwa ba ce gare ki: saya, sayar, sayo, saye, sayu, saiwa ɗaya ce ƙarshen kalma yake juya mata ma'ana.

Saiwoyi masu wau ko ya su ne ke kayar da mutane, ke kuwa nan ne ƙarfinki yake. Littafin zai ce qaala tana da siffar ɓoye, qawala, sannan wata dokar sauti ta shafe wau tsakanin wasula biyu. Malaman sarfu sun ce asalinta qawala, wau ta yi motsi, abin da ke gabanta yana da fataha, sai aka juya ta alif. Magana ɗaya ce. Haka a awo na VIII: ta ɗin ifta'ala takan koma ط bayan ص, shi ya sa ake cewa اصطبر, takan koma dal bayan zai, kamar izdahara, wau kuma takan narke cikinta, kamar ittasala daga و ص ل. Abin da kika sani da i'ilali da ibdali ne littafin yake rubutawa da kibiya da alamomi.

Ga aikin da zai zaunar da wannan. Ki zaɓi saiwa 30, lafiyayyu 20, masu illa, wato masu wau ko ya, 10. Kullum uku, ki fitar wa kowace da madi, mudari'i, masdari, isimin fa'ili da isimin maf'uli, a awo na I da wasu awo biyu da ƙamus ya tabbatar suna nan, domin ba kowace saiwa ce take shiga awo goma ba. Kwana goma kin gama, sai ki juya aikin: ki ɗauki sakin layi daga labaran jarida, ki ciro saiwa da awon kowace kalma. Ƙamus mai bin saiwa ba zai ba ki istiqbaal a ƙarƙashin alif ba, sai a ق ب ل. In kin rasa saiwa, ki tuna haruffan ƙari goma da aka tara a سألتمونيها, ki zare su ɗaya bayan ɗaya. Karyayyen jam'i kuma, irin kitaab da kutub, qalb da quluub, ki haddace shi tare da tilonsa, kamar yadda ba wanda ya ba ki dokar da ta mayar da gulbi gulabe, birni birane, kafin ki iya faɗarsu. Ki ba wannan babi mako uku cur.

A ginin jimla ne za ki ga saɓani na gaske, kuma ina jin nan makinki ya zube. Nahawu ya raba kalma uku, isimi da fi'ili da harafi, littafin kuma zai ware sifa da wakilin suna da sauransu, kowanne ajinsa. In an ce ki faɗi ajin kabiir, wato babba, kika ce isimi ne maimakon sifa, ba ki yi ƙarya ba, amma ba ki ba da amsar da ake nema ba. Madi da mudari'i ma zai ce ba lokaci tsantsa suke nunawa ba, kammaluwar aiki ce da rashinta. Hujjarsa mai ƙarfi ce: lam yaktub mudari'i ne amma ya wuce, in darasta najahta madi ne amma bai zo ba tukuna. Hausa ma haka take yi, "in kin karanta" ai ba ki karanta ba tukun. Sai Zaidun qaama, wadda kika sani mubtada'i da habari, littafin yana iya kiran Zaidu mai aikatawa da ya gabaci aikatau. Kada wannan ya tayar miki da hankali, malaman Kufa ma sun yarda fa'ili ya gabaci fi'ilinsa, na Basra ne suka hana.

Wurare huɗu ne ba a cika rasa su a tambayoyi ba. In fi'ili ya gabata yakan zauna tilo, kataba t-tullaabu, in ya biyo baya sai ya yi jam'i, at-tullaabu katabuu. Jam'in abin da ba mutum ba ana ɗaukarsa tamkar mace guda, al-kutubu jadiidatun. Ƙidaya daga 3 zuwa 10 tana saɓa wa jinsin abin ƙirgawa, thalaathatu rijaalin amma thalaathu nisaa'in, daga 11 zuwa 99 kuma abin ƙirgawa tilo ne mai nasabu. Sai idafa, inda kalmar farko ba ta ɗaukar al ko tanwini, sifa kuma dole ta jira sai an gama. Dubi kitaabu l-waladi l-jadiidu da kitaabu l-waladi l-jadiidi: wasalin ƙarshe kaɗai ne ya nuna ko littafin ne sabo ko yaron. 'Yan ajinki za su yi gumi a nan, ke kuwa kallo ɗaya ya ishe ki. Ki ja layi a littafin rubutu ki yi gida huɗu, kalmar littafin, takwararta a nahawu, misalin Larabci, misalin Hausa. Duk inda gida na biyu ya ƙi cikuwa, ki sa jan alƙalami, nan ne sabon ilimi yake. Mako biyu ga jimla, ɗaya ga tarihi da kare-karen harshe, na ƙarshe bita. Awa guda kullum ta fi kwana zaune ranar Asabar.

Yanzu batun kawu. Ki tsaya a wurinsa ki duba. Mutum ya yi shekaru yana ɗora ki baiti bayan baiti, rana ɗaya kika shigo da littafin da ba ya karanta harshensa, ɗauke da magana biyu da suka yi kama da rage darajar abin da ya ba rayuwarsa. Ba niyyarki ba ce, amma abin da ya ji shi ne an zo gyara masa karatu. Zaɓin da ya ba ki maganar ɓacin rai ce, ba na jin hukunci ne. Ki je gaishe shi ba tare da littafin ba, ki ba shi haƙuri kan yadda maganar ta fito, ki roƙi a ci gaba da Alfiyya daga inda aka tsaya. In kina jin nauyi, mahaifiyarki ta yi miki iso. Kada ki nemi ya yarda da littafin, ba ya cikin abin da kike bukata.

Bayan an koma karatu, ki riƙa kawo masa tambayoyin da shi ne gwaninsu: Kawu, me ya sa aka ce qultu ba qawaltu ba? Amsarsa za ta shiga gida na biyu a jadawalinki kai tsaye. In wata rana shi da kansa ya tayar da maganganun nan biyu, ki sani ba Turawa ne suka fara su ba. Ibn Haldun, wanda ya rasu a 808 bayan Hijira, ya bayyana a littafinsa Muƙaddima cewa li'irabi ya faɗi daga maganar mutanen zamaninsa. Ibn Hazm na Andalus, wanda ya rasu a 456, ya lura cewa Larabci da Ibrananci da Siriyananci tushensu ɗaya. Dangantaka da Hausa ta fi wannan nisa ƙwarai: Larabci yana reshen Semitik, Hausa tana reshen Cadi, duka a babban gidan harsunan Afirka da Asiya. Hujjar ba kalmomin aro irin alƙalami da darasi ba ce. Masana sun fi dogara da abubuwa irin ka da ki na namiji da mace, gidanka da gidanki, baituka da baituki, da ta ɗin mace, da ma ɗin wuri a makaranta da madrasa. Kusancin dangi bayani ne kan tarihin harshe, bai taɓa falalar Littafi ba.

Akwai kuma inda kawu yake da gaskiya, ki riƙe. Ba a koyon karatun Alƙur'ani daga baƙaƙen boko, daga bakin malami ake ɗaukarsa. Littafin gabatarwa ba zai ba ki ɗanɗanon balaga ba, kuma abin da yake faɗa kan tsohon tarihin harshe akwai tabbatacce a ciki, akwai hasashen masana. In Turancin ne yake tare miki hanya, ki nema a laburare littattafan da Larabawa suka rubuta kan wannan fanni da harshensu, irin na Ibrahim Anis na Masar kan sautukan harshe. Irinsu ne ma za ki iya ajiyewa a gaban kawu wata rana ya duba da idonsa.

Rashin iya hira kuwa ba laifin nahawu ba ne, ba kuma na littafin ba, domin babu ɗayansu da ya yi miki alkawarin haka. Makanike yana iya warware inji ya mayar bai iya tuƙi ba. Kafin jarrabawa minti 20 kullum ya isa: ki saurari labarai da daidaitaccen Larabci, ki tsayar, ki maimaita jimla da ƙarfi. Bayan jarrabawa ki sami abokiyar hira, ku ware rabin awa da ba a sa Hausa ko Turanci, ku riƙa tsayawa da sukun a ƙarshen kalma yadda masu magana suke yi, domin jiran tantance wasalin ƙarshe ne yake ɗaure harshen masu nahawu. Karin harshe ki bar shi sai daga baya, kuma guda ɗaya za ki zaɓa, tunda qalb ɗin da kika sani alb ce a Alƙahira, galb a ƙasashen Tekun Fasha.

A wannan makon ki ɗauki takardar gwajin da kika faɗi ki je wurin malamin kwas ɗin. Ki roƙe shi ya nuna miki tambaya biyu ko uku da yadda ya so a amsa su, ki tambaye shi wane tsarin alamomi yake so a jarrabawa, da ko yana karɓar kalmomin nahawu a gefen na littafin. Ki gaya masa abin da kika karanta a gida, domin yana yiwuwa bai san da wa yake magana ba. In kin kai mako na shida kina iya ciro saiwa da awon kalmomi takwas cikin goma a sakin layin jarida, kina kan hanya. In ba ki kai ba, ki rage lokacin babin tarihi ki ƙara wa ƙirar kalma, ki kuma nemi mutum biyu daga ajinku masu ƙarfin Turanci, su buɗe miki bayanin littafin, ke ki buɗe musu li'irabi. Allah Ya ba ki sa'a, Ya kuma daidaita ki da kawu.